Kafin Ka Tuɓe Takalmi: Jagorar Tafiya Ƙafa a Ƙasa

Ranar Juma'a, in an idar da salla jama'a na neman takalmansu a ƙofar masallaci, ka ɗan sunkuyar da kai ka dubi ƙafafun mutane. Ba sai an gaya maka wanda ya yi ƙuruciyarsa a gona da wanda ya tashi cikin sau-ciki tun daga firamare ba. Na farko yatsunsa a baje suke, kowanne da filinsa, babban yatsa ya miƙe sambal, tafin ƙafar faffaɗa, yana taka tsakuwa bai ma san ya taka ba. Na biyu yatsun sun cure wuri guda, babban yatsa ya karkata yana neman hawa kan maƙwabcinsa, taku uku a kan siminti ya fara ɗosana ƙafa yana yamutsa fuska. Halittar ƙafar iri ɗaya ce, abin da aka tsare ta a ciki ne ya raba su.

Domin na biyun na rubuta wannan jagora: ma'aikacin ofis, ɗan kasuwar da ke wuni a rumfa, malamar makarantar da ke tsaye tun safe cikin takalmi mai tsini. Amma tun daga nan ina so mu fahimci juna. Wanda ya share wuri da hannunsa ya tuɓe takalmi don ƙafarsa ta motsa, lafiya yake nema kuma zai same ta. Yaron da ke ratsa bola ba takalmi don babu kuɗin saye, cuta yake kwasa, maganinsa kuwa takalmi. Duk amfanin da zan ambata ya rataya ne ga zaɓen ƙasar da za a taka.

Abin da ƙafa ke samu

A ƙafa ɗaya akwai ƙasusuwa 26 da gaɓoɓi 33, ga tsokoki da jijiyoyi fiye da 100 da ke riƙe da su. In ka haɗa ƙafa biyu, ƙasusuwa 52 ke nan daga cikin 206 na jikin babban mutum, wato kusan rubu'in ƙasusuwan jiki suna ƙasan idon sawu. Abin da aka yi wa gaɓoɓi haka, don ya lanƙwasa ya miƙe aka yi shi. Kwarin nan na tsakiyar tafin ƙafa yakan ɗan baje in nauyi ya hau shi, ya tattaro kansa in za a ɗaga, ya cilla mutum gaba. Ƙananan tsokokin cikin tafin ƙafa suna cikin masu wannan aiki. Duk wanda aka taɓa yi wa ɗori ya san yadda hannu ke fitowa ranar da aka kwance karan: ya rame, ya yi laushi, ko moɗa ba ya iya ɗagawa. Takalmi mai ƙasa gagau da matsattsen baki ɗori ne marar tsanani, sai dai shi ba a kwance shi bayan wata biyu.

Masu bincike sun auna wannan. A 1992 likitoci biyu a Indiya, Rao da Joseph, sun duba sawun yara 2,300. Cikin masu sa takalmi, kashi 8.6 cikin 100 ne tafin ƙafarsu ya shafe babu kwari. Cikin marasa takalmi kashi 2.8 kawai, kuma abin ya fi yawa ga masu sa rufaffen takalmi. A 2021 masu bincike a Jami'ar Liverpool sun ba manya wani takalmi shafal, marar dunduniya, mai faɗin baki, suka yi harkokinsu da shi wata shida. Ƙarfin ƙafarsu ya ƙaru da kusan kashi 57 cikin 100. A Shikago kuma, a 2006, an gwada masu ciwon gwiwa na zaizayewar guringuntsi, aka ga nauyin da ke sauka a gwiwarsu ya ragu da kusan kashi 12 cikin 100 in suna tafiya ba takalmi.

Wanda ya fi burge ni shi ne binciken da ya shafi kaushi. Mu dai mun ɗauki kaushi abin kunya, alamar ƙauyanci, har ana yi wa mai shi ba'a. A 2019 Daniel Lieberman na Jami'ar Harvard da abokan aikinsa suka gwada ƙafafun mutane a yammacin Kenya da Amurka. Sun ga cewa fatar masu yawo ba takalmi ta fi kauri da tauri, amma kaurin bai rage musu jin abin da suka taka ba. Fatar tana kare ƙafa, saƙon ƙasa kuma yana isa jijiya yadda yake. Soson takalmi kuwa in ya kare ƙafa sai ya danne saƙon. Wannan ji da tafin ƙafa ke yi shi ne ke gaya wa ƙwaƙwalwa ƙasa ta karkata ko ta yi santsi, tun kafin ido ya gani, shi ya sa ƙafar da ta saba taka ƙasa ta fi iya ceto mai ita in ya yi tuntuɓe.

Sai kuma abin da kowa zai iya gani da kansa: ƙafar da ke shan iska ba ta wari, kuma ruɓewar nan mai ƙaiƙayi ta tsakanin yatsu gumi da duhun cikin safa take so.

Za ka ji wasu na cewa ƙasa na da wata wutar lantarki da ke shiga jiki ta tafin ƙafa ta warkar da hawan jini, ciwon suga da rashin barci, har ana sayar da tabarmi na musamman a kan haka. Gwaje-gwajen da ake kafa hujja da su ƙanana ne, da yawansu masu sayar da kayan ne suka ɗauki nauyinsu. Kada wani ya ajiye maganin hawan jininsa don ya fara taka raɓa. Sanyin ciyawa da asuba yana kwantar da rai, wannan gaskiya ne, kuma ya isa dalili shi kaɗai.

Waɗanda takalmi ya zame musu dole

Mai ciwon suga kada ya taka ƙasa ba takalmi, ko a tsakar ɗakinsa. A kan wannan ba na sassautawa. Suga in ya daɗe yana kashe jijiyoyin ji na ƙafa, ya rage jinin da ke isa can. Mutum sai ya taka ƙusa ya wuni da ita bai sani ba, ƙaramin rauni ya zama gyambo, gyambo ya kai ga yanke yatsa ko ƙafa. Likitocin da ke duba alhazai sun san wannan sarai: alhaji ya fito daga masallaci bai ga silifansa ba, ya taka kwalta da rana tsaka zuwa masauki, tafin ƙafa ya saluɓe shi kuwa bai ji zafi ba. Mai suga da zai tafi aikin Hajji ya riƙa sa takalminsa a ƴar jaka yana rataye da shi.

Haka hukuncin yake ga wanda kuturta ta taɓa, da duk wanda ke jin ƙafarsa ta yi dundum ko tana yi masa kamar tafiyar kiyashi, da mai sikila, wanda rauni a wajen idon sawu ke daɗewa bai warke ba. Dattijon da ƙafarsa ta fara rawa shi ma ya bar takalminsa mai kama ƙasa a ƙafa, musamman a gidan da aka shimfiɗa tayil. Safa zalla a kan tayil tana jawo faɗuwa. Wanda kuma dunduniya ke yi wa suka a takun farko da safe, ya ga likita kafin ya fara.

Zaɓen ƙasa

Nan ne aikin yake, nan kuma zan daɗe.

Wuri mafi aminci shi ne tsakar gidanka da ka san abin da ke zuba a cikinta. A share ta da tsintsiya mai laushi, a bi da ido a tsince fasasshen gilashi, reza, ƙusa, guntun waya da allurar da aka yi wa wani aka yar. Daɓen ƙasa da ya sha tsintsiya, rairayi mai tsabta da aka zuba aka baje, ciyawar da kai ka shuka ka san ba ta ɓoye komai, waɗannan su ne zaɓi na farko. Siminti da tayil za su yi don farawa, amma shafaffu ne, ba sa koya wa ƙafa komai, kuma taurinsu na gajiyar da dunduniya.

Babban abin gudu shi ne ƙasar da bahaya ya taɓa. Akwai tsutsar hanji mai shan jini wadda hanyar shigarta jiki ita ce fatar ƙafa. Ƙwanta na fita cikin bahayan mai ɗauke da ita, ya ƙyanƙyashe a ƙasa mai ɗumi da danshi, cikin mako guda ko kwana goma ƴaƴan su isa shiga mutum. Ido ba ya ganinsu. Sukan huda fata, galibi tsakanin yatsu, su bi jini zuwa huhu, su hau maƙogwaro, a haɗiye su, su sauka a ƙaramin hanji su kafa baki suna tsotsa. Ƙarshenta ƙarancin jini: yaro ya ɗashe, ya kasa karatu, mai ciki ta riƙa jiri. Zafin rana da bushewa na kashe ƴaƴan tsutsar, inuwa da laima ke raya su. Wato wurin da ya fi daɗin takawa, rairayi mai sanyi a gindin bishiya a bayan gari, shi ne ya fi haɗari in mutane na zagayawa can. Kudancin Amurka ya sha fama da wannan tsutsa. Yaƙin da hukumar tsabta ta Rockefeller ta fara da ita a 1909 da abu uku aka yi shi: magani, masai da takalmi. Kashin kare da na kyanwa ma na da tasu tsutsar, wadda ke shiga ƙarƙashin fata ta riƙa jan layi mai lanƙwasa da ƙaiƙayin tsiya.

Turke da garke da ɗakin da ƙura ta yi wa yawa gidan jiga ne, wadda ke shigewa gefen farce ta kumbura a can. Kududdufi da bakin dam da fadama mai kwantaccen ruwa kuwa, can ake ɗaukar tsargiya, ita ma ta fata take shiga. Kada sanyin ruwan ya ja ka.

Gona da daji ba wurin tuɓe takalmi ba ne ko kaɗan. Ƙarangiya da tsidau su ne ƙananan masifu. Ƙayar aduwa na iya huda silifa ma balle fata. Babbar masifar ita ce maciji. Garin Kaltungo a jihar Gombe yana da asibiti na musamman don saran maciji, kuma akasarin waɗanda ake kaiwa manoma ne da makiyaya da kububuwa ta sara, mafi yawa a ƙafa, lokacin shuka da lokacin girbi. Manomi takalmin ruwa mai tsawo ya kamace shi. Da dare kuma, ko fitsari za ka fita a tsakar gida, sa takalmi ka riƙe tocila saboda kunama, ka kuma zazzage takalmin kafin ka zura ƙafa.

Ƙasar Habasha ta ishe mu misali ta fuska biyu. Ita ta haifi Abebe Bikila, wanda ya ci gudun fanfalaki na gasar Olamfik a birnin Rum a 1960, kilomita 42 ba takalmi, cikin awa 2 da minti 15 da daƙiƙa 16. A tsaunukan ƙasar kuma akwai mutane fiye da miliyan ɗaya masu wani irin tundurmi da ba sauro ke kawo shi ba: shekara da shekaru suna noma ba takalmi a jar ƙasar da ta samo asali daga aman wuta, ƙananan ƙwayoyin ƙasar suka shige fata suka toshe hanyoyin ruwan jiki, ƙafa ta kumbura ta ƙi saɓewa. Ana samun irinsa a tsaunukan arewa maso yammacin Kamaru. Rigakafinsa takalmi da sabulu. Shi kansa Bikila da ya sake cin gasar a Tokiyo a 1964, da takalmi ya yi gudun.

Saura zafi. A bazara, daga Maris zuwa Mayu, iska kan haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri da Yamai, ƙasa kuwa ta fi iska zafi nesa ba kusa ba, kwalta ta fi duka. Ɗora bayan hannunka a ƙasa ka ƙirga goma. In ka kasa kaiwa, ƙafa ma ba za ta iya ba. Lokacin da ya dace shi ne bayan gari ya waye zuwa hantsi, ko la'asar sakaliya, da sauran haske da za ka ga abin da kake takawa.

Yadda za ka fara

Ƙafar da ta shekara ashirin a takalmi ba za ta dawo cikin mako guda ba, kuma yawancin masu jin ciwo gaggawa ce ke ja musu. A 2013 an bi wasu masu gudu a Amurka da suka koma takalmi shafal cikin mako goma. Da aka ɗauki hoton ƙafafunsu, fiye da rabinsu ƙasusuwan sun nuna alamar wahala. Fata kan saba da wuri, tsoka ta biyo baya, ƙashi da agara su ne na ƙarshe.

Makon farko da na biyu, a cikin gida kawai, minti 10 zuwa 15 a rana. Mu da muke tuɓe takalmi a ƙofar ɗaki da ta masallaci mun riga mun yi rabin wannan mataki. Abin da za ka ƙara shi ne tafiya da niyya, kai da komowa, kana lura da yadda ƙafar ke sauka. Mako na uku ka fita tsakar gida ko filin da ka zaɓa, ka fara da minti 10, kana ƙara minti 5 duk mako, har ka kai rabin awa. Rabin awa sau uku ko huɗu a mako ya wadatar. Kada ka haɗa ƙarin lokaci da sabuwar ƙasa a rana ɗaya: in yau za ka gwada tsakuwa, rage mintocin.

Yadda ake takun shi ne inda mutane ke kuskure. Wasu sun ji an ce masu gudu ba takalmi da gaban ƙafa suke sauka, sai su kama tafiya a kan yatsu kamar masu sanɗa, kwana biyu sha-raɓa ta ɗaure. Wancan zancen gudu ne. A tafiya dunduniya ce ke fara sauka, amma a hankali, nauyi ya gangara ta gefen waje na tafin ƙafa, ya dawo gindin babban yatsa, babban yatsa ya tura. Rage tsawon taku, ƙafa ta riƙa sauka kusa da ƙarƙashin jikinka. Kunnenka zai taimake ka: in kana jin dim-dim a siminti, dukan ƙasa kake yi. Ɗaga ƙafa sosai, kada ka ja ta irin jan da silifa ta koya mana, don a nan ake fasa yatsa. Idonka kuma ya riƙa sauka taku uku ko huɗu a gabanka.

Akwai ƴan motsa jiki da ke gaggauta sabo, ba sa cin minti biyar. Zauna a kujera ka shimfiɗa tsumma a ƙasa, ka riƙa tattaro shi da yatsun ƙafa. Zuba ƙwallayen dabino guda goma, ka tsince su ɗaya-ɗaya da yatsu kana sawa a kwano. Dafa bango ka yi ɗage ka sauka a hankali sau goma. Tsaya da ƙafa ɗaya kana ƙirga talatin, kusa da abin da za ka kama. Mace da ta daɗe tana sa takalmi mai tsini ta ƙara da miƙar agara, domin tsinin kan sa tsokar sha-raɓa ta gajarce: ta dafa bango, ta mayar da ƙafa ɗaya baya, dunduniya a ƙasa, ta karkata gaba har ta ji jan, ta riƙe daƙiƙa 30.

Ka bambanta gajiya da ciwo. Tsamin tsoka a tafin ƙafa da sha-raɓa wanda ke wucewa cikin kwana ɗaya ko biyu alamar aiki ce. Suka a wuri guda a bayan ƙafa wadda za ka iya nunawa da yatsa ɗaya, ko kumburi, ko zafin dunduniya da ke tarbarka in ka sauko daga gado, waɗannan na cewa ka tsaya. Koma takalmi mako guda. In bai lafa ba, sai asibiti.

Bayan ka dawo

Wanke ƙafa da ruwa da sabulu, ka bi tsakanin yatsu kamar yadda ake tsettsefewa a alwala, sannan ka tsane wurin sosai. Juya tafin ƙafa ka duba da ido, in ba ka iya lanƙwasawa sa madubi. Ƙaya ko sartse da ya shiga, cire shi a ranar da hantsaki mai tsabta, a wanke, a rufe. Kada a zuba wa rauni ƙasa, toka ko baƙin mai. Huji mai zurfi, na ƙusa ko na ƙaya, shi ne ƙofar tetanos, ciwon nan mai sarƙe haƙora ya sandarar da jiki, wanda ƙwayarsa ke zaune cikin ƙasa da kashin dabbobi. Allurar rigakafinsa ana sabunta ta duk shekara 10; wanda ya manta rabonsa da ita ya je a yi masa tun kafin ya fara wannan tafiya.

Kaushi ka bar shi, faso ne abin yaƙi. Da hunturu fatar gefen dunduniya kan bushe ta tsage, tsagar ta yi zurfi har ta yi jini, kuma kowace tsaga ƙofa ce. Da dare jiƙa ƙafa a ruwan ɗumi minti goma, goge gefen dunduniyar da dutsen kaushi sama-sama, don a rage tudun da ke tsagewa kawai, sannan a shafa man kaɗe ko basilin tun fatar na da laima, a sa safa a kwanta. Tsakanin yatsu ba a sa masa mai. Reza kuma kada ta kusanci dunduniya.

Yara su ne suka fi kowa cin ribar wannan abu, tunda ƙafarsu ba ta gama ƙeruwa ba. Jaririn da ke koyon tafiya ba ya bukatar takalmi a ɗaki ko a sharariyar tsakar gida. Yatsunsa na kama ƙasa, da haka yake koyon tsayuwa. In zai fita lungu, a sa masa. In ma'aikatan lafiya sun zo makaranta rabon maganin tsutsar ciki, a bar shi ya sha.

Tunda dai yawancin wuni a takalmi za a yi shi, ga yadda za ka gwada wanda za ka saya. Taka takarda ba takalmi, da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan buɗe, wani ya zagaye sawunka da biro, ka yanke shi ka tafi da shi kasuwa. Zura takardar cikin takalmin. In gefenta ya naɗe, haka yatsunka za su naɗe, ajiye shi. Kama takalmin ka lanƙwasa: ya kamata ya karye a daidai gindin yatsu cikin sauƙi, dunduniyarsa kuma kada ta ɗara gabansa tudu sosai. Ga yaro, a bar rata kamar faɗin babban yatsan hannu tsakanin yatsansa mafi tsawo da bakin takalmin, a kuma sake gwadawa bayan wata uku ko huɗu. Takalmin fade da dukawanmu ke ɗinkawa, shafaffe mai faɗin gaba, ya cika yawancin waɗannan sharuɗɗa, in aka samu mai maɗauri a dunduniya ya fi, don yatsu su huta da riƙon takalmi.